Idan Gurbin Lauya Ya Kuɓuce: Wace Hanya Ce Ke Kai Mutum Gaban Alƙali?

Duk shekara ana samun ɗimbin ɗalibai da suka gama sakandare da sakamako mai kyau, suka nemi karatun lauya, amma sunansu bai fito ba. Akwai kuma waɗanda suka bar makaranta tun da daɗewa, suka kama aiki, suka yi iyali, amma sha'awar shari'a ba ta bar zuciyarsu ba. Tambayarsu ɗaya ce: ban da hanyar da kowa ya sani, ta ina kuma ake shiga? Hanyoyin suna nan, har sun fi yadda ake zato yawa. Sai dai ba darajarsu ɗaya ba, kuma wasunsu iyakarsu su miƙa wa mutum takardar digiri, ba za su kai shi ga sanya baƙar riga ya tsaya gaban alƙali ba.

Nan ne karatun lauya ya sha bamban da na tarihi ko tattalin arziki. Jami'a ce ke ba da digiri, amma ba ita ke ba da izinin yin aikin ba. Kowace ƙasa tana da hukumar da ke riƙe da wannan izini, da sharuɗɗanta na daban. A Najeriya Majalisar Ilimin Shari'a ce, wadda dokar 1962 ta kafa, ita ke tafiyar da Makarantar Horas da Lauyoyi, inda mai digirin lauya ke yin shekara guda kafin ya samu izinin aiki, kuma ita ke ƙayyade wa kowace tsangaya yawan ɗaliban da za ta ɗauka. A Amurka kowace jiha da tata hukumar. A Ingila hukuma biyu ce, ɗaya ta lauyoyin da ke kula da takardu da ba da shawara, ɗaya ta masu tsayawa a manyan kotuna. Wannan hukuma tana iya cewa ba ta san digirinka ba alhali jami'ar da ta ba ka shi halastacciya ce. A farkon 2025 hukumar shirya jarrabawar shiga jami'a ta Najeriya, JAMB, ta sanar cewa ba za ta ba da gurbin lauya a jami'o'i takwas na Najeriya ba, saboda Majalisar Ilimin Shari'a ta dakatar da su. Don haka duk hanyar da zan ambata, ma'aunina a kanta guda ne: idan ka bi ta har ƙarshe, hukumar ƙasar da kake son yin aiki a cikinta za ta karɓe ka?

Mafi sauƙin bayani ita ce sake zama jarrabawar shiga jami'a. Ba ta da wani ɓoyayyen haɗari, iyaka shekara guda ta tafi. Ta dace da wanda maki kaɗan ya rage masa, kuma ya san ainihin darasin da ya kayar da shi. Wanda ya zauna sau biyu makinsa bai motsa ba, gara ya duba wata ƙofar.

Ƙofar da na fi ganin amfaninta ga matashi ita ce karatun share fage na gaba da sakandare. A Najeriya manyansa biyu ne, IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da shi, da JUPEB da wasu jami'o'i suka haɗu suka kafa a ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Legas. Ɗalibi yana ɗaukar darussa uku na kimanin shekara guda, ya zauna jarrabawa, sannan ya nemi shiga kai tsaye, abin da ɗalibai ke kira DE, a fara da shi daga aji biyu. Lissafin shekaru ne ya sa wannan hanya take da daɗi. Digirin lauya a can shekara biyar ne. Wanda ya yi share fage na shekara ɗaya ya ƙara huɗu a kai, biyar ɗin dai ya yi, wato idan komai ya tafi daidai zai gama tare da abokan da suka riga shi samun gurbi. Wanda ya zauna gida yana jiran sake jarrabawa kuwa shekara shida ce a gabansa.

Amma akwai abin da masu tallar waɗannan cibiyoyi ba su cika faɗa ba. Cin jarrabawar daban, samun gurbi daban. Masu shiga kai tsaye a cikin adadin da aka ƙayyade wa tsangaya ake ƙirga su, kuma kujerun da ake bar musu kaɗan ne, domin 'yan aji ɗaya da suka haura sun riga sun cika wurin. Saboda haka makin da zai ba mutum gurbin kimiyyar siyasa ba zai ba shi na lauya ba. Lauya tana neman maki na kusa da ƙololuwa. Sannan ba kowace jami'a ce ke karɓar IJMB da JUPEB duka biyun ba. Na uku, kuma wannan ya fi damuna, cibiyoyin bogi sun yi yawa a wannan harka, har ta kai JAMB ta tsaurara tantance takardun masu shiga kai tsaye bayan an gano na jabu. Cibiyar da ta yi maka alkawarin maki tun kafin ka shiga aji, guje mata. Takardar jabu a kowane fanni masifa ce, amma a lauya ta fi muni, domin hukumomin lauyoyi suna binciken ɗabi'ar mutum kafin su rantsar da shi.

Ingila tana da irin wannan iri biyu, kuma bambancinsu abin lura ne. Akwai shekarar share fage da jami'a ke yi a cikin gidanta, wadda ke mayar da digirin shekara uku ya zama huɗu. An ƙara shekara, an ƙara kuɗin makaranta, amma wanda ya ci makin da aka gindaya ya wuce aji ɗaya ba tare da sake takara da kowa ba. Akwai kuma diflomar shiga manyan makarantu da ake yi wa manya waɗanda suka daɗe da barin aji, galibi shekara ɗaya a kwaleji, daga nan su nemi jami'a kamar kowa. Ta farko ta ɗaure ka ga jami'a guda amma ta ba ka tabbas. Ta biyu ta bar maka zaɓi amma sai ka yi takara. Duk inda ka samu kanka a duniya, wannan tambayar ce ya kamata ka yi wa kowane shirin share fage: idan na ci, kujerata tabbas ce, ko izinin shiga takara kawai na samu?

Faransa ta fi kowa daɗewa da tunanin wanda bai gama sakandare ba. Tun 1804 take da wata takardar shaidar ƙwarewa a shari'a da ake kira kafasite, wadda duk mai shekara 17 zai iya nema ko da ba shi da takardar kammala sakandare. An saba yin ta a shekara biyu, sau da yawa da yamma saboda ma'aikata. Wanda ya samu 10 cikin 20 ya shiga shekarar farko ta digirin shari'a, wanda ya samu 15 cikin 20 ya tsallake zuwa ta biyu. Jami'o'i da dama a ƙasashen Afirka rainon Faransa sun gaji wannan tsari. Abin da nake so da shi shi ne gaskiyarsa: ƙofar a buɗe take ga kowa, ƙa'idar wucewa a rubuce take, babu roƙon kowa. Masu yankewa a shekarar farko suna da yawa, amma wanda ya jure ya san abin da ke jiransa.

Sai diflomar shari'a, wadda mutane da yawa ke faɗawa cikinta ba tare da dogon nazari ba, don sunanta kawai ya yi kama da abin da suke nema. Tana da alheri na gaske. Shekara biyu kana karanta dokar kwangila, dokar laifuka da tsarin mulki, ka ɗanɗana abin ka ji ko naka ne. Idan hali bai ba ka damar ci gaba ba, ba ka fita hannu rabbana ba, domin ana samun aikin rajista a kotu ko na mataimaki a ofishin lauyoyi da ita, abin da share fage ba zai ba ka ba. Wanda ya zo digiri daga difloma kuma yakan fi abokansa sanin yadda ake karanta hukuncin kotu.

Tsadarta lokaci ne. Inda ake fara mai difloma daga aji biyu na digirin shekara biyar, ya yi shida ke nan, ya fi mai share fage da shekara guda, kuma kujerun nan 'yan kaɗan su zai yi takara a kansu. Jami'o'i sukan nemi sakamako mai daraja, wasu diflomarsu kaɗai suke karɓa, wasu ba sa karɓar kowace. A Afirka ta Kudu abin ya fi tsari, domin Jami'ar UNISA tana da babbar takardar shaida a shari'a ta shekara ɗaya da aka yi musamman don ta zama tsani zuwa digiri. Kenya kuwa darasi ce mai ɗaci. Dokar makarantar horas da lauyoyi ta ƙasar ta 2012 ta gindaya matsakaicin sakamakon sakandare na C+ da kuma B a Turanci ko Swahili. Ɗalibai da dama da ba su kai wannan ba suka bi ta difloma, suka samu digiri, sai makarantar ta koma kan takardarsu ta sakandare ta ce ba su cika sharaɗi ba, aka yi ta shari'a a kotuna. Mutum ya yi shekaru yana karatu, a ƙarshe sakamakon da ya samu yana yaro ya tare masa hanya.

Akwai masu ba da shawarar a karɓi kowane kwas aka samu, a shiga jami'ar tukuna, daga baya a nemi canji zuwa lauya. A wasu wurare wannan hanya ce ta gaskiya. Jami'o'in Ostireliya da yawa suna wallafa makin da ɗan shekarar farko zai samu ya nemi canji, kowa ya san ƙa'ida. Amma inda aka ƙayyade wa tsangaya adadi kuma ta cika shi tun ranar farko, canjin kusan mafarki ne. Kada ka shiga kwas ɗin da ba za ka iya zama a cikinsa shekara huɗu ba bisa maganar fatar baki cewa za a canza maka. Idan ba a rubuce ƙa'idar take a littafin jami'a ba, ɗauka babu ita.

Wannan ya kawo mu ga hanyar da ake yi wa kallon ta waɗanda suka makara, alhali a wasu ƙasashen ita ce hanyar kowa: ka gama digiri a wani fanni, sannan ka karanci lauya. A Amurka babu digirin farko da ke kai mutum ga aikin lauya. Sai ka yi shekara huɗu a fannin da kake so, ka zauna jarrabawar shiga, mafi shahara ita ce LSAT, sannan ka yi shekara uku a makarantar lauya. Jami'ar Melbourne ta koma wannan tsari tun 2008. Indiya ta bar ƙofa biyu, shekara biyar ga mai fitowa daga sakandare, uku ga mai digiri. Ingila ta fi kowa sassauci: mai digiri yana iya yin digirin lauya na shekara biyu, ko kwas ɗin sauya fanni na shekara ɗaya, kuma tun 2021 da aka fara jarrabawar neman izinin aikin lauya da ake kira SQE, mai digiri a kowane fanni yana iya zama lauyan ba da shawara idan ya ci matakanta biyu, ya kuma yi shekara biyu yana aikin samun horo. Masu son tsayawa a manyan kotuna su har yanzu sai da digirin lauya ko kwas ɗin sauya fanni. A Najeriya rangwamen kaɗan ne, mai digiri daga aji biyu yake farawa, wato huɗu a kan huɗu, ga shekarar Makarantar Horas da Lauyoyi a kai.

Shekara tara ba wasa ba ce, kuma ba zan rage mata nauyi ba. Tallafin karatu sau da yawa ba ya biyan digirin farko karo na biyu, ga iyali, ga aiki. Duk da haka ina ganin ana raina wannan hanya fiye da kima. Akanta da ya zama lauya yana shiga shari'ar haraji da idon da ɗan'uwansa ba shi da shi. Likita ko ma'aikaciyar jinya da suka karanci shari'a sun san inda sakaci ke ɓuya a takardun asibiti. A Amurka ma wanda zai wakilci masu ƙirƙira a ofishin rajistar haƙƙin ƙirƙira sai yana da tushe a kimiyya ko injiniya. Kuma babu wata hukumar lauyoyi da ke ƙyamar wannan hanya, matuƙar digirin na biyu a tsangayar da ta amince da ita aka yi shi. Ta fuskar ma'aunin da na ɗauka tun farko, tana cikin mafi aminci.

Karatu daga gida shi ne inda ƙasashe suka fi saɓa wa juna, kuma shi ne inda mutane suka fi yin asara. Jami'ar Landan tana ba da digiri ga ɗaliban da ba sa zama a harabarta tun 1858. Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya, da aka kafa a 1969, ba ta neman wani sakamakon sakandare a yawancin digirorinta na farko, kuma tana koyar da lauya. Nelson Mandela yana kurkuku ya kammala digirinsa na lauya da UNISA ta hanyar wasiƙa. A waɗannan ƙasashe digirin daga gida digiri ne. Ga mai aiki, ko uwa mai yara, ko wanda ke nesa da jami'a, babu abin da ya kai shi dacewa.

Amma Majalisar Lauyoyin Indiya ba ta amince da digirin lauya na daga gida ba. Majalisar Ilimin Shari'a ta Najeriya ma ta tsaya a kan cewa lauya karatun cikakken lokaci ne a cikin aji, ba na wucin gadi ko na nesa ba. Waɗanda suka karanci lauya a Jami'ar Karatu daga Gida ta Najeriya sun yi shekaru da digiri a hannu ba su samu shiga Makarantar Horas da Lauyoyi ba, kafin daga baya a shirya musu wani kwas na musamman. Ra'ayina shi ne wannan tsauri ya rufe ƙofa ga mutanen da za su iya zama lauyoyi nagari, amma ra'ayina ba ya canza doka, kuma wanda zai zaɓi hanya da dokar da ke ƙasa zai yi aiki. Idan burinka sanin shari'a ne don ka ƙara daraja a aikinka na banki, jarida, 'yan sanda ko ƙungiyar kare haƙƙi, digirin daga gida ya ishe ka har ya yi yawa. Idan burinka baƙar riga ce, kada ka biya ko sisi sai ka ga matsayin hukumar ƙasarka a rubuce.

Fita waje ma haka take, da ƙarin abu guda: dokoki dangi-dangi ne. Ƙasashen da suka gaji dokar Ingila, mai dogaro da hukuncin alƙalan baya, daban suke da waɗanda suka gaji ta Faransa, mai dogaro da kundin doka. Najeriya da Nijar maƙwabta ne, harshe ɗaya ake ji a kan iyakarsu, amma tsarin shari'arsu ba ɗaya ba ne. Wanda ya yi digiri a waje ya dawo Najeriya sai ya fara yin kashi na farko na karatun Makarantar Horas da Lauyoyi, inda ake koya masa dokokin ƙasar, kafin ya shiga kashi na biyu tare da sauran, kuma ana duba jami'ar da ya fito da darussan da ya ɗauka. Ƙarin lokaci ne da ƙarin kuɗi da ya kamata su shiga lissafi tun kafin a nemi biza.

Saura tsohuwar hanya, koyon aiki a hannun lauya. Da ita Abraham Lincoln ya samu izinin aiki a 1836 bayan ya karanci littattafan doka da kansa. Yau jihohi huɗu na Amurka, California, Vermont, Virginia da Washington, suna barin mutum ya zauna jarrabawar lauyoyi bayan shekaru yana karatu a ƙarƙashin lauya ko alƙali. Masu bin ta kaɗan ne, masu cin jarrabawar a cikinsu sun fi kaɗan, kuma izinin ba ya saurin tsallakawa zuwa wata jiha. Ingila ta farfaɗo da ita a sabon salo, inda matashi ke yin kimanin shekara shida yana aiki a kamfanin lauyoyi ana biyansa albashi, yana karatu, ya ƙare da jarrabawar SQE. Ga wanda ya samu, garaɓasa ce. Sai dai samun gurbinta ya kan fi na jami'a wuya, kuma a yawancin ƙasashe babu ita ko kaɗan.

To wa zai bi wace? Matashin da ya fito daga sakandare, sakamakonsa na da kyau, kuma yana iya haɗa kai ya yi karatu mai tsanani na shekara guda, share fage ya fi masa, kuma babu abin da zai hana shi sake zama jarrabawar shiga a shekarar nan, ya riƙe igiya biyu. Wanda bai tabbata zai samu mai ɗaukar nauyinsa shekara biyar ba, ko yana buƙatar takardar da zai nemi aiki da ita da wuri, difloma ta fi masa aminci duk da tsawonta, bayan ya tabbatar jami'ar da yake hange tana karɓarta. Wanda aka ba wani kwas da yake iya so, ya karɓa, ya yi shi da gaske ya fita da sakamako mai daraja, domin wannan sakamakon ne zai buɗe masa lauya daga baya. Kada ya zauna a cikinsa da rabin zuciya yana jiran canji. Babba mai aiki da iyali shi ne zaɓinsa ya fi wuya, domin hanyar da ta fi dacewa da rayuwarsa ita ce wadda wasu hukumomi ba sa karɓa. Shi sai ya fara yi wa kansa gaskiya a kan abin da yake nema, sani ko izinin aiki, don amsar ce za ta nuna ko zai iya ci gaba da aikinsa yana karatu ko sai ya ajiye shi na wasu shekaru.

Kafin ka biya kuɗin rajista a ko'ina, nemi jerin tsangayoyin da hukumar lauyoyi ta amince da su, na wannan shekarar, domin ana sakawa ana cirewa. Ka tambayi tsangayar kanta mutum nawa ta ɗauka bara ta hanyar da kake son bi, da makin na ƙarshensu. Idan amsar ta zo da kame-kame, ita ma amsa ce. Sannan ka koma kan takardarka ta sakandare ka dube ta da idon mai tantancewa. Jami'o'in Najeriya suna neman kiredit biyar, har da Turanci da adabin Turanci, da yawa kuma har da lissafi, kuma ba share fage, ba difloma, ba digiri da ke yafe wannan. Idan akwai giɓi a nan, cike shi a wannan shekarar, tun darussan ba su bar kanka ba, kada ka bari sai kana da shekara talatin da digiri a hannu a mayar da kai zauren jarrabawar sakandare.